Amshi Ta Hausa, Amshi Ta Larabci

Gwaggo Barakatu ba malama ba ce, kuma ita za ta fara gaya maka haka tun kafin ka tambaya. Kwananta tara a makaranta duk tsawon rayuwarta. Amma a Hillat Almu, ƙauyenmu da ke bakin kogi arewa da Damazin, duk yaron da ya shiga rauda cikin shekara ashirin da biyun nan ta hannunta ya bi. Rauda ita ce ajin 'yan shekara huɗu da biyar kafin su shiga firamare. Tamu ɗaki ɗaya ce da rumfa, da randa biyu, da shingen kara. Ni ce malamar, sunana Mu'minat. Ita kuma ita ce mai shara, mai ɗebo ruwa, mai riƙe mabuɗi, mai haɗa fatur, wato abincin ƙarfe goma. A takarda ni ce babba. A tsakar rauda kuwa ko akuyar da ke leƙowa ta shinge ta san wace ce babba.

A Jazira aka haife ta, a wata unguwar masu tsinkar auduga da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Aure ya kawo ta nan. Mijinta masunci ne, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Abdulwahab. Da suyar gyaɗa ta yi masa karatu, daga firamare har jami'a a Wad Madani. A can ya sami aikin ofis, ya auri wata 'yar birni mai suna Sabah wadda ba ta jin Hausa ko ta sannu. Duk sallah yakan zo gida, kuma duk zuwa sai an ga Hausarsa ta ƙara raguwa. Tun yana ce wa uwarsa Inna, har ya koma ce mata Yumma irin na Larabawa. Gwaggo ta sha faɗa a gaban kowa cewa ta aika ɗa karatu an maido mata rediyo.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne siniyya. Babban faranti ne na ƙarfe, mutum biyu ke ɗaukarsa idan ya cika. Kowane yaro yakan zo da gutsuren burodi daga gida, babba ko ƙarami, sabo ko na jiya. Gwaggo ta karɓe duka ta gutsuttsura cikin siniyya, ta kwarara romon ful, waken nan da ake dafawa har ya yi lugub, ta zuba man riɗi da gishiri ta cuɗa. Idan ta gama ko uwar da ta gasa burodin ba za ta iya nuna nata ba. Wanda ya zo hannu wofi ma haka zai zauna ya ci, babu mai sani. Doka ɗaya ce: lomar farko ba taka ba ce. Ka ɗebo ka miƙa wa na kusa da kai, shi ma ya miƙo maka, sannan kowa ya ci nasa. Na sha karanta littattafan koyar da yara zama tare, ban ga wanda ya kamo ƙafar wannan lomar ba.

Da yaƙi ya ci Madani, mutane suka watso kudu. Abdulwahab ya dawo gidan uwarsa da matarsa da 'yarsa Rayan, 'yar shekara biyar, wadda kakarta ba ta taɓa gani ba sai sau uku. Kowa a garin kuka yake da halin da ake ciki, Gwaggo ma tana yi, amma ni na san a ƙasan ranta murna take. Allah ya kawo mata jika har ɗaki. Abdulwahab ya roƙe ta kada ta yi wa yarinyar Hausa, wai zai rikita mata harshe. Ta ce to, ta riƙa lallaɓawa da Larabcinta na kasuwa, tana jiran ranar da za a buɗe rauda.

Ranar da aka sake buɗe makarantu muka sami yara talatin da huɗu. Goma sha ɗaya daga ciki 'ya'yan masu gudun hijira ne, har da Rayan, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Yaran ƙauye kuwa a wannan shekarun Hausa ce a bakinsu, Larabcin sai nan gaba yake zama. Ƙarfe goma ina cikin ɗaki da iyaye ina rubuta sunaye. Gwaggo ta ajiye siniyya, ta zaunar da su a zagaye, ɗan gari kusa da baƙo, ta tafi cika randa. Da ta dawo sai ta tarar da baƙin nan goma sha ɗaya duk sun tashi sun jeru a jikin shinge, wasu na kuka, 'yan gari kuma na zaune da loma a hannu sun saki baki. Muka tambaya, baƙin suka ƙara maƙalewa a jikin shinge. Muka ce baƙunta ce. Washegari baƙin suka ƙi ko matsowa kusa da siniyya, rana ta uku ma haka.

A rana ta huɗu Sabah ta zo riƙe da hannun Rayan, ranta a ɓace. Ta sa yarinyar ta maimaita abin da ta faɗa a gida. Rayan ta nuna Dije, wata 'yar ƙauye mai wushirya da aka zaunar kusa da ita, ta ce da Larabci wannan ce ta ce mata amshi, sauran ma duk haka suka ce wa 'yan'uwanta. Amshi a Larabci ita ce tafi, ba ni wuri. Da yake cikin Larabci maganar ta zo mini, da kunnen Larabci na ji ta. Na kama Dije da faɗa, na ce ashe haka aka koya mata, mutane sun baro gidajensu a guje ita kuma ta kore su daga abinci. Yarinya ta kalle ni hawaye na zuba, ba ta ma san laifin da ta yi ba.

Gwaggo na bakin randa tana ji. Sai ta saki moɗa, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki. Da ta sami numfashi ta ɗauki gutsuren burodi ta miƙo mini ta ce, “Ustaza, amshi.” Na miƙa hannu na karɓa. Sai da burodin ya shiga tafina na gane. A Hausarmu ta nan ba mu cika cewa karɓi ba, amshi muke cewa. Yara ashirin da uku sun miƙa lomar farko kamar yadda yayyensu suka gaya musu ana yi, sun ce amshi, baƙi kuma sun ji an ce su tashi su ba da wuri. Kunya ta rufe ni, na ɗauki Dije na ba ta haƙuri. Da aka yi wa Sabah bayani ita ma ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Abdulwahab ne bai yi dariya ba. Shi da ya fi kowa sanin amshi biyun nan, shi ya kai maganar gaban lajna, kwamitin iyaye, wanda Haj Salih ke shugabanta. Aka zauna a rumfar rauda bayan la'asar. Duk wanda ke wurin Bahaushe ne, amma da Larabci Abdulwahab ya yi jawabi, tsaf kamar mai karanta labarai. Ya ce abin da ya faru ya nuna harshe biyu ba sa zama a tsakar gida ɗaya. Ya ce yaran ƙauye ake cuta, domin da Larabci za su yi jarrabawa, da shi za su nemi aiki. Ya ba da labarin shekararsa ta farko a jami'a, yadda yana buɗe baki ake kwaikwayonsa, har ya yi wata uku ba ya tambaya a aji. Ya ce ba ya so a gane asalin Rayan daga bakinta. Ba ƙarya ya faɗa ba, ni ma an yi mini, kuma na ga kawunan maza na gyaɗawa. Aka yanke cewa daga gobe babu Hausa a cikin shingen rauda, kuma kowane yaro ya zo da abincinsa a jakarsa, a ajiye siniyya.

Ba a gayyaci Gwaggo ba, shayi ta kawo. Ta ajiye buta ta tsaya a tsakiyar maza, ta ce tana da magana, kuma da Hausa za ta yi tun da dokar sai gobe za ta fara. Ta ba su labarin da ni kaina ban taɓa ji ba. Tana da shekara bakwai aka sa ta makaranta a Jazira. A rana ta tara malami ya kira ta gaban allo, ya tambaye ta abin da ba ta gane ba, ya gaji ya nuna mata wurin zamanta da hannun da ke riƙe da alli ya ce amshi. Ita kuwa ta ga alli a hannu, ta ji amshi, ta sa hannu biyu da ladabi ta karɓa. Ya kwaɗa mata mari, aji ya fashe da dariya. Ba ta sake komawa ba.

“Ran nan an mare ni don ban ji Larabci ba,” in ji ta. “Yau kuma za a ƙulle ma ɗiya baki don jikata ba ta ji Hausa ba. Ko ta ina anka juya, mu ad da laihi? Ni da anka mara ban ce a hana Larabci ba. Gyaɗa nis soya har wanga da ke tsaye ya iya shi.”

Haj Salih ya ce ta yi haƙuri, lajna ta riga ta yanke, kuma wanda ba zai bi ba sai ya ajiye mabuɗi. Ina jin ya faɗa ne don ta tsorata. Gwaggo ta kwance mabuɗin daga bakin zaninta, ta miƙa masa har gaban hanci.

“Amshi, Haj Salih,” ta ce. “Da duka harsunan biyu.”

Ta ɗauki siniyyarta, don tata ce tun ta aure, ta ɗora a ka ta fita. Har yau da nake wannan rubutu mabuɗin yana wurin Haj Salih, shi ke zuwa da kansa yana buɗe mana da safe yana haki.

Ni ce na rubuta sanarwar hana Hausa a jikin kwali na rataya a ƙofa, da hannuna, da kyakkyawan rubutuna. Ina faɗa ne don kada a ɗauka ni jaruma ce. Kwana uku muka yi a kan sabuwar doka kuma ban taɓa ƙin aikina kamar kwanakin nan ba. Yaran ƙauye suka yi tsit kamar an ɗauke wuta, wanda fitsari ya matsa ma ba ya iya faɗa. Lokacin fatur kowa ya buɗe jakarsa, sai ga abin da siniyya ta shekara ashirin da biyu tana rufewa ya fito fili. Wannan da ƙwai, wannan da busasshen burodi, wancan ya juya baya yana wasa da ƙasa don babu komai a tasa jakar. Baƙi a gefe guda, 'yan gari a gefe guda.

Gwaggo kuwa ba ta je ko'ina ba. Akwai darbejiya taku goma daga ƙofarmu, a waje. Nan ta shimfiɗa tabarma. Matan gari masu wucewa gona suka riƙa ajiye mata burodi ba tare da kowa ya ce su yi ba. Ƙarfe goma daidai sai ta ɗauki ludayi ta buga gefen siniyya sau uku, ta zauna ta harɗe hannu tana kallon ƙofa. Yara su ruga jikin shinge suna leƙe ta tsakanin kara. A rana ta huɗu na sake karanta kwalin da na rubuta. Cikin shinge ya ce, bai ce waje ba. Na buɗe ƙofa na koma gefe.

Kafin a ci, Gwaggo ta koya musu wasa. Ta ce da Hausa, ta maimaita da Larabcinta mai karkace, cewa amshi biyu ce, kuma ba a gane ta da kunne, sai an dubi hannu. Idan tafin hannu ya buɗe yana kallon sama, ka matso ka karɓa. Idan an kaɗa bayan hannu, ka ruga. Sai ta ɓoye hannu a baya ta ce amshi, ta fito da shi farat ɗaya. Wanda ya ruga alhali an miƙo, ko ya matso alhali an kora, shi zai shiga tsakiya ya yi na gaba. Cikin kwana biyu ba ka iya bambance baƙo da ɗan gari sai ta takalmi. 'Yan Madani suka fara cewa zo da ruwa da ba ni, 'yan ƙauye suka kwashi Larabcin da na yi kwanaki ina fama su riƙe. Haj Salih ya zo ya tsaya ya duba, ya duba kwali, ya duba darbejiya, ya tafi yana gunaguni.

Rayan kaɗai ke zama a ciki. Ubanta ya gaya mini, ya kuma gaya wa uwarsa a gida, cewa ranar da yarinyar ta sa hannu a siniyyar nan zai tura ta ita da Sabah wurin dangin Sabah a Kassala. Gwaggo ta san ɗanta, ta san zai aikata, don taurin kan a nononta ya sha. Ta kuma san idan Rayan ta tafi Kassala a wannan zamani, Allah kaɗai ya san ranar sake ganinta. Saboda haka ba ta taɓa kiran yarinyar ba, ko kallon wajenta ba ta yi. Mako guda Rayan na tsaye a jikin shinge da burodinta mai ƙwai, kuma kullum haka take mayar da shi gida ba ta gutsura ba.

Ranar Lahadi, farkon makon makaranta a wurinmu, ina ɗaure wa wani yaro takalmi, na ɗago sai na ga wurinta wayam. Tana gindin darbejiya, Dije ta matsa mata, ta zauna. Na je na raɗa wa Gwaggo ta taimaka ta ce wa yarinyar ta koma ciki tun labari bai kai gida ba. Ta girgiza kai.

“Ban kira ta ba, Ustaza, kuma ba ni korar ta. Bakina bai iya waccan amshin ba.”

A Hillat Almu labari ba ya kwana. Washegari ƙarfe goma da 'yan mintuna raksha, keken nan mai ƙafa uku, ta tsaya a bakin hanya. Abdulwahab ya fito da farar riga a goge, riƙe da ƙaramar jakar kayan Rayan a hannun dama. Ya ce wa direba ya jira. An riga an zauna, Gwaggo ta gama cuɗawa, yara sun yi bisimilla. Ya zo ya tsaya a kan 'yarsa, bai gaida uwarsa ba, bai kalle ni ba. Ya ce wa Rayan da Larabci ta tashi, mamanta na gida tana shiri, tafiya za su yi.

Rayan ta riga ta ɗebo lomar farko, romo na bin yatsunta. Ta dubi Dije, ta dubi ubanta da ya shiga tsakaninsu. Shi ne na kusa da ita yanzu, kuma doka doka ce. Ta ɗaga hannu sama, tafin a buɗe.

“Amshi, Baba.”

Ni dai na ji kamar in nutse, don na san duk yadda ya zaɓi ya ji kalmar nan, haka za ta kasance. Idan ya ji ta da Larabci, 'yarsa ta kore shi a gaban yara talatin da uku, kuma raksha na jira. Dije ta ga babban mutum ya rasa yadda ake wasan, sai tausayi ya kama ta, ta ja bakin rigarsa ta ce masa a hankali, “Baba, hannu za ka duba.”

Ya duba. Romon ya gangaro har gwiwar hannun yarinyar, ita kuma ba ta sauke ba. Sai ya miƙo hannun hagu, tun da na dama na riƙe da jaka.

“Da dama,” in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago kai ba. “Ban koya ma ɗana ci da hagu ba.”

Ya ajiye jakar a ƙasa. Ya tsuguna, farar rigar na jan ƙura, ya karɓi lomar da hannun dama ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa fiye da yadda jiƙaƙƙen burodi ke bukata. Rayan na jira, baki a buɗe, don ita ma, bisa ka'ida, sai an miƙo mata. Ya sa hannu cikin siniyya ya ɗebo ya ba ta. Direban raksha ya yi oda sau biyu, babu wanda ya waiwaya. Abdulwahab ya share ido da bayan hannu, ya yi gyaran murya, ya yi magana da Hausa, irin tamu ta nan, wadda na yi shekaru ban ji a bakinsa ba.

“Gishiri ya yi kaɗan, Inna.”

Gwaggo ta laluba gefen tabarma ta ɗauko ƙullin gishiri. Ta miƙa masa a tafin hannu, idonta na kan siniyya, ta ce, “Amshi.”